Takardar Fili

A Gagi na sayi fili, hamsin da ɗari,
inda bara waccan gero ke kai wa mutum wuya.
Dillali ya rantse babu mai jayayya,
ya nuna turaku huɗu, ya karɓi la'ada, ya juya.
Sai wani shuri a kusurwar gabas, ja, tsayin yaro.
Na sa lebura ya baje shi da diga.
Tsoho Jabbi, mai gonar a da,
ya tsai da jakinsa, ya daɗe yana kallo.
"Ni dai na amshi kuɗɗina," in ji shi,
"amma waɗanga da kar rushe ma gida,
ban ji sun sai da nasu ba."

Na yi dariya. Na yi gini. Muka tare.

Wata uku, gara ta fara safiyo:
siririn layin laka daga tushe har rufi,
ba ta tambayi kowa hanya ba.
Ta ci katakon ƙofa ta bar mini fenti,
na dafa, yatsa ya nutse kamar a fura.
Ta ci tabarmar sallar Hajo.
Ran da na buɗe akwatin ƙarƙashin gado,
takardar filin da na yi shekara bakwai ina tara mata
ta zama gari,
sai kusurwa guda mai rabin hatimi.

Kusu kuwa daga kangon maƙwabci yake zuwa;
mai shi na Legas, ya bar ginin a linta,
unguwa ta mai da shi juji.
Kyankyasai suna fitowa ta bakin shadda bayan lisha,
sahu-sahu, gashin baki gaba.
Ramin da masu bulo suka haƙa suka tafi
ya sha ruwan damina,
ya yaye mana sauro, kowanne da algaitarsa.

Haushi ya kai ni tsohuwar kasuwa,
na sayo fiya-fiya a kwalbar da ba suna.
Na yayyafa, na rufe taga, muka kwanta.
Tsakar dare Kulu ta hau tari, idonta jawur,
muka kwana a bencin asibiti.
Hajo ba ta ɗaga murya ba:
"Su kake nufi, ko mu?"
Har yau tambayar na nan ƙarƙashin matashina.

Sai Modi mai feshi, da takunkumi a hanci.
Ya ce a rufe abinci, a fitar da randa,
kada a dawo sai rana ta faɗi.
Gida ya yi tsit kwana tara.
Ashe ƙaura suka yi gidan Malam Tukur;
shi ma ya kira Modi,
suka dawo mini har da dangin miji.
Haka muka yi ta rama wa juna biki
sai da aljihu ya ce a zauna a yi magana.

Asabar muka yi gayya, gida goma sha ɗaya.
Muka cike ramin da ɓaraguzai,
muka kwashe jujin kango,
aka yi wa shadda murfi.
Na shafe katako da baƙin mai,
Hajo ta zuba hatsi a duro mai marufi,
ta ɗaura gidan sauron da muka taɓa yi wa barkono shinge da shi.
Kulu ta samo 'yar mussa, ta sa mata Hakima.

An samu sauƙi. Ban ce an gama ba.

Jiya, bayan ruwan farko,
shinge ya rufe ƙwan lantarkin ƙofar gida.
Yara suka tara shi a kwano, aka soya da gishiri.
Na ci loma biyu, na ce wannan kuɗin takardata ne.

Da asuba na leƙa kusurwar gabas:
ga jar ƙasa ta tasa, kamar dunƙulen hannu.
Jabbi na wucewa, bai ko tsai da jaki ba.
"Maigida," ya ce, "yaya baƙunta?"